Filastar Kawu Onkeo

Ni ba na shiri da mutum mai yawan shiru, shi ya sa da na fara aiki da masu share bama-bamai a Muang Kham ban ɗauki Kawu Onkeo a bakin komai ba. Ka gaishe shi ya yi murmushi, ka tambaye shi hanya ya yi murmushi, ina jin ko zaginsa ka yi murmushin zai yi maka. Sai da muka kwana biyu tare na gane rabin shirun nan kurumta ce. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman kuma sai ka ɗaga murya kamar kana kiran mutum a ƙetaren rafi.

Aikinmu kashi biyu ne. Mu masu nema, yawancinmu mata, mu ne ke bin gona da na'urar gano ƙarfe, in ta yi kuka mu durƙusa mu tona a hankali. Sau da yawa ƙusa ce ko guntun gwangwani. Wani lokaci kuma bombi ne, ɗan bam ɗin nan mai girman lemo da jiragen yaƙi suka shuka mana tun iyayenmu na yara. In ka same shi ba ka taɓa shi. Ka kewaye shi da buhunan ƙasa, ka kafa jan tsinke, ka yi gaba. Da yamma, bayan an kori mutane da dabbobi da lasifika, mai tashi zai zo ya ɗora masa nakiya, ya ja waya, ya ɓuya, ya murɗa makunni ya tashe shi. Masu tashi uku ne a ƙungiyarmu: samari biyu da Kawu Onkeo, wanda ya fara aikin tun samarin ba su daina fitsarin kwance ba.

Labarinsa a bakin matarsa na ji, Gwaggo Buasi, domin gidansu na kallon gidan mahaifiyata. Shi kam ba zai faɗa maka ba ko za ka shekara kana tambaya. A kogo aka haife shi lokacin yaƙi, inda mutanen ƙauyensu suka yi shekaru suna ɓuya da rana suna noma da duhu. Yaƙin ya ƙare ubansa na da rai. Bayan an koma gida ne fartanyarsa ta sari bombi a gonar masara, aka kwaso shi a tabarma. Uwar ba ta da abin ciyar da yara, ta kai Onkeo haikali ya zauna da malamai masu jan mayafi. A can wani tsohon malami ya yi masa rubutun tsari da allura, daga wuya har ƙugu, ya tofa masa addu'a a tsakiyar ka, ya rataya masa laya. Ya kuma kafa masa sharuɗɗa. Kada ya bi ta ƙarƙashin igiyar da aka shanya zanen mata. Kada hannun mace ya hau kansa. Kada ya ɗora wa kansa duk abin da ya sauka ƙasa da ƙugu. In ya kiyaye, wuta da ƙarfe ba za su ci shi ba.

Ba wanda ya ga wannan baƙon abu ne. Dama can wa zai taɓa kan babba? Ko wucewa za ka yi ta gabansa yana zaune sai ka sunkuya. Shi dai nasa ya fi na kowa tsanani. Gwaggo Buasi takan ce wa mahaifiyata, "Ni fa na haifa wa mutumin nan 'ya'ya huɗu, amma ko ƙwarƙwata ce a kansa sai dai ya ji da abarsa."

Da ya bar haikali ya shiga abin da samarin lokacin suka shiga, fasa manyan bama-bamai da guduma da kurfi. Ƙarfen a sayar, hodar ciki a kashe kifi da ita ko a ɗura a rokokin bikin roƙon ruwa. Abokansa na wannan sana'a ɗaya bayan ɗaya suka tafi, wanda ya tsira kuma ba hannu ko ba ido. Onkeo ko ƙwarzane. To ka ce wa mutum irin wannan rubutun bayansa ba ya aiki mana. Da ƙungiyar share gonaki ta zo neman ma'aikata, shi aka fara ɗauka, ya ajiye guduma ya koyi aiki da waya da batir.

Yana da wata ɗabi'a a wajen aiki wadda kowa ya sani. Duk tashi ɗaya wuta na cin bakin waya, sai a datse a gyara, a hankali wayar ta gajarce. Samarin da sun ga ta ragu za su je a ba su sabuwa. Kawu ba ya zuwa. Ya fi son ya matso kusa, ya sami suri ko bakin tsohon ramin bam, ya kwanta rub da ciki a bayansa, ya ɗago kai yana kallon wurin har ya murɗa. An sha yi masa magana. Ya ce tun ranar da bauna ta shigo masa fili ana dab da tashi, da wata tsohuwa a bayanta tana kora, ya daina yarda da idon kowa sai nasa. Shugaban ƙungiyarmu, Somlit, ɗan cikinsa ne a shekaru. Zai yi ta kewaye-kewaye da magana, Kawu ya yi murmushi, gobe a sake.

Ana nan sai aka kawo filastar. Wata malama ce daga wata jami'a ta ƙetare ta zo da ita, da tafinta, aka tara mu a rumfar haikali. Kamar filastar ciwo take, ba ta wuce babban yatsa ba, mai laushi, tana bin fata duk yadda ta lanƙwasa. In ka ɗaga ta a rana za ka ga siraran layukan azurfa da inji ya buga a jikinta kamar jijiyoyin ganye. Malamar ta ce fashewa ba sai ta yanke ka take yi maka illa ba. Iskar da take turowa na ratsa ƙoƙon kai ta girgiza ƙwaƙwalwa, yadda awara ke rawa a kwano in an bugi tebur. Sau ɗaya ba komai, amma yau kaɗan gobe kaɗan, abin taruwa yake yi. Filastar nan ita za ta riƙa jin dukan da kai ke sha. A manna ta a bayan kunne da safe, da yamma a kanga mata wayar hannu. In ta nuna kore, ci gaba. In rawaya, mutum ya huta da tashi har mako ya juyo. In ja, asibiti. Duk wannan bayani Kawu na can baya inda ya saba zama, yana gyaɗa kai a duk inda ya ga ana gyaɗawa.

Aka damƙa aikin a hannun Latsami, mai ba mu agajin gaggawa. Yarinya ce rainon kaka, irin wadda in ta yi karo da ƙofa sai ta ba ƙofar haƙuri. Washegari da safe muka yi layi a gindin mota. Ta zaro filastocin daga aljihun wandon aikinta, na gefen cinya, tana goge wa kowa bayan kunne da auduga tana mannawa.

"A hankali, 'yar likita," in ji Tui, ɗaya daga samarin masu tashi. "Nan ne fa wajen da budurwata take raɗa mini magana."

"Wace budurwa?" na ce. "Ko akuyar gidanku ba ta yarda ka matso ba."

Ana ta dariya har layi ya zo kan Kawu. Latsami ta ɗaga hannu da auduga, sai hannun ya tsaya a iska. Dariya ta ɗauke. Ta dube mu, mu kuma kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Can sai ta ɗora filastar a tafukanta biyu, ta rusuna, ta miƙa masa.

"Kawu, ga taka. Bayan kunne ake sa wa."

Ya karɓa da murmushi, ya zaga bayan mota kamar yadda babba ke yi in zai gyara tufafi. Ya dawo da rigar kariyarsa mai kauri a ƙirji, ƙyallensa mai gida-gida naɗe a kai da wuya kamar kullum, hular kwano a sama. Muka ji daɗi ƙwarai. Har cewa muka yi yarinyar nan ta yi hankali, ta fid da kowa kunya. Da yamma mu ta bi mu ɗaya-ɗaya tana kanga mana waya a kunne, shi kuma ya kawo mata tasa a tafin hannu. Haka abin ya zauna, kuma ba wanda zai tsaya yana leƙen bayan kunnen dattijo.

Mu masu nema kullum kore, tunda muna can nesa lokacin tashi. Samarin nan biyu kuwa ba a daɗe ba suka fara ganin rawaya, yau wannan gobe wancan. Kawu Onkeo, da ya fi su matsawa kusa nesa ba kusa ba, kore shar. Mako ya zo ya wuce, kore. Wata ya zo ya wuce, kore.

"Kawu, a taimaka mana da sunan malamin nan mana," in ji Tui wata rana muna cin abinci, kowa da ɗan kwandon shinkafarsa mai danƙo, ga dakakkiyar gwanda a tsakiya. "Ni ma a zana mini, ko da a gindi ne."

"Ya mutu," in ji Kawu.

"Kash! To in ka gama da fatar bayanka ka bar mini gado."

Kawu ya yi dariya har da ƙwalla, abin da ban taɓa gani ba. Ranar da muke komawa a mota ya matso kusa da ni, ya yi magana da ƙarfi irin ta kurame alhali shi a ganinsa raɗa yake yi, ya kira sunana. "Wandi, kin gani ko? Ashe su ma mutanen ƙetare na'urarsu ta gani." Mutumin da bai taɓa yabon kansa ba, ran nan fuskarsa kamar an yi masa albishir da jika. Duk sanda na tuna wannan farin cikin nasa sai in ji abinci ya fita kaina.

Ƙa'ida ta ce mai rawaya ya huta, amma ba ta ce bombi ya jira ba. Manoma na tsaye a bakin gona suna son su yi shuka kafin ruwa. To wa zai tashi na Tui in Tui na hutu? Mai kore. Wa zai tashi na ɗayan? Mai kore. Aikin mutum uku ya koma kan dattijon da ya kamata a ce yana shirin ajiye aiki, ba kuma tilasta masa aka yi ba. Shi ke ɗaukar waya tun kafin a tambaya, yana cewa, "Ku zauna, yara, kanku bai yi ƙwari ba." Rani biyu aka yi a haka.

Ni na fara lura da shi a kan abinci. Zai buɗe kwandonsa ya ci, ya rufe, can ya sake buɗewa ya tambaya wa ya cinye masa shinkafa. Muka ɗauka wasa ne. Sai ya fara kirana da sunan mahaifiyata. Hasken rana ya fara damunsa, ya riƙa runtse ido yana dafe goshi. Wata rana kare ya yi haushi kusa da shi, mutumin da ko ƙuda ba ya kora da fushi ya ɗauki kofin ƙarfe ya jefe shi, ya bi shi da ashar ɗin da ban san ya iya ba. Bayan nan ya tsaya yana kallon hannunsa.

A gida abin ya fi haka. Gwaggo Buasi ta ce ba ya barci, in jikoki suka yi hayaniya sai ya daka musu tsawa har su ɓuya a bayan randa. Ta yi abin da kowace mace a ƙauyenmu za ta yi. Ta ce ƙarar ce ta firgita masa kurwa ta gudu ta bar shi, ta dafa kaza da ƙwai, ta tara dattawa aka yi masa kiran kurwa. Aka kira ta daga gona, daga daji, daga bakin rafi, aka ce ta dawo gida ga abinci ga 'yan uwa, kowa ya ɗaura masa farin zare a wuyan hannu. Ya ɗan lafa, ya dawo. Ta sake. Har zaren ya taru masa a hannu kamar warwaro.

Da ta ga ba ci gaba, sai ta yi abin da matanmu ba su cika yi ba. Ta hau babur ɗin ɗanta ta same mu a wajen aiki da yamma, daidai an gama tashi. Ta ja Somlit gefe, amma muryar Gwaggo Buasi ba ta san gefe ba.

"Ɗan nan, ka ba shi hutu. Mutumin nan ba shi da lafiya."

"Gwaggo, me ya same shi? Ga shi can yana naɗe waya."

"Jiya ya fita zai je gidan ƙanensa, aka tsinto shi a bakin kasuwa bai san inda za shi ba. Hanyar da ya bi tun yana yaro!"

"Tsufa ne, Gwaggo. Ni ma nakan shiga ɗaki in manta abin da ya kai ni."

"Kai ma kana jifan jikokinka da takalmi?"

Somlit ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Mutum ne mai son ya ga an kwantar wa kowa da hankali. Ya kira Latsami, ta kawo filastar da Kawu ya ba ta yanzun nan, ta kanga waya a gaban Gwaggo. Kore.

"Kin gani da idonki. Wannan abin an yi shi ne musamman don irin abin da kike tsoro. Duk cikinmu ba wanda kansa ya kai nasa lafiya."

Gwaggo Buasi ta daɗe tana kallon wayar. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kore.

"To," ta ce. "Ita ce ke kwana da shi, ai ta fi ni sani."

Ta hau babur suka tafi. Ko sallama ba ta yi wa kowa ba, kuma daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba. Da filastar nan ba ta zo ba, na tabbata Somlit da ya saurare ta, ko don kunyar furfurarta. Abin da aka kawo don ya kare kan mutum shi aka ɗauka aka rufe bakin mace ɗaya da ta san kan ba lafiya.

Abin ya fashe ne a tsakiyar zafi, lokacin da hayaƙin ƙona gonaki ke rufe duwatsu. Mun sami bombi da yawa a wata gangara, samarin duka biyu na rawaya, Kawu ya yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Bayan na ƙarshe muka jira mu ji ya ce an gama, shiru. Somlit ya kira shi da lasifika, shiru. Da lokacin jira ya cika muka ruga. Muka same shi zaune ya jingina da suri, ya yi amai a kan takalmansa, jini na bin hancinsa, idonsa a buɗe yana kallonmu kamar bai san me ya tara mu ba.

Latsami ta durƙusa ta kwance masa rigar kariya, ta ɓalle maɓallan rigarsa don ya sha iska. Sai na ga ta tsaya cak. Na leƙa. Ga filastar nan manne a tsakiyar ƙirjinsa, dab da layarsa. Kewaye da ita fatar duk ta yi tabo-tabo fari, shaidar waɗanda aka manna aka ɓare, a jere gwanin kyau yadda yake yin komai nasa.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta cire hular, ta warware ƙyallen, ta kama kansa da hannu biyu ta juya shi, ta duba bayan wannan kunne ta duba bayan wancan. Ba komai sai gumi da furfura. Tui ya kau da kai kamar ya ga tsiraici.

"Kawu!" Ta sa baki a kunnensa na dama. "Kawu, a nan kake sa ta? Kullum?"

Ya dubi ƙirjinsa, ya dube ta. Hankalinsa ya ɗan dawo.

"To ina zan sa ta, 'yar nan? Ai a nan ake jin sa. In ya tashi, nan yake dukana."

"Na ce maka bayan kunne! Ban ce maka ba?"

"Kin ce." Ya ja numfashi. "Daga aljihun wandonki take fitowa. Ba zan iya ɗora ta a kai ba. Na ga ke yarinya ce mai kunya, in na faɗa a gaban mutane za ki ji ba daɗi. Na ce bari in sa ta kusa da layata, ai ban wulaƙanta ta ba."

Latsami ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa na dubi surin, na dubi inda ƙasa ta kwanta da siffar jikinsa. Ƙirji a manne da ƙasa, a bayan suri, a cikin riga mai kauri. Kai kuma a sama, a fili, yana gadin bauna da tsofaffi.

Bayan an kai shi asibiti a Phonsavan, Latsami ta ƙi barin maganar. Ta sayi kabewa a hanya, ta manna mata sabuwar filasta, ta ɗora ta a kan wani suri daidai nisan da Kawu ya saba kwanciya, ta kifa mata hular kwano. Tui ya ƙara tsawon wayar tashi, ya tashi bombi ɗaya daga nesa. Ɗaya tak. Ta je ta kanga waya, ta dawo ta miƙa wa Somlit. Ja ne. Somlit ya zauna a kan buhun ƙasa ya rufe fuska da hula, mu kuma muka tattara kaya.

Likita ya yi mana magana ta gaskiya. Ya ce ba wanda zai iya nuna fashewar da ta yi wannan ɓarna. Mutumin da ya fara jin ƙarar bam tun yana cikin zanen goyo, ya fasa su da guduma, ya yi shekaru yana tashinsu, mai yiwuwa ko ba rani biyun nan abin na nan tafe. Mutane suka riƙe wannan magana suna shafa wa zuciyarsu. Ni ba ta shige ni ba. Mai yiwuwa yana tafe, amma da ƙafa yake tafe, aka ɗauko shi a mota. Da filastar nan ta kwana ɗaya a inda ya kamata, da tun makon farko an karɓe wayar tashi daga hannunsa, da yanzu yana zaune yana ba jikoki labarin kogo. Abin da ya tsaya tsakaninsa da wannan bai wuce tsawon hannun yarinya ba, da kunyar da duk aka raine mu a kanta, muna kuma alfahari da ita. Har yau in na ga yaro ya sunkuya zai wuce babba ina jin daɗi, sai kuma in tuna Kawu.

Malamar jami'ar ta dawo ta ji abin da ya faru. Ta yi ta tambaya me ya sa ba wanda ya gaya mata akwai irin wannan al'ada. Ban san me za a ce mata ba. Wa zai tuna ya gaya wa baƙo cewa ba a taɓa kan babba? Yanzu filastocin a ɗan akwati suke, ana ajiye su a saman gaban mota. Latsami na nan tana aiki, kuma ta zama marar kunya ta ƙarshe. Ko kai waye, ko furfurarka ta kai ina, za ta ce a yi haƙuri ta kama kunnenka ta lanƙwasa. Ba ta ƙara zuwa unguwarmu ba, sai dai ta ba ni ayaba ko magani ta ce in kai.

Kawu bai koma aiki ba. Shekarar farko yana gane mu, yana tambayar wace gona muke. Daga baya ya daina tambaya. Fushin ma ya wuce, ya koma mutum mai sanyi fiye da da. Yana wuni a ƙarƙashin gidansu, tsakanin ginshiƙai, yana saƙa kwandunan shinkafa da tsagin gora. Hannun bai manta komai ba, har daga kasuwa ake zuwa saye.

Ran nan na taso daga aiki ban ko cire kaya ba, na tsallaka in kai saƙon Latsami. Gwaggo Buasi na tsintar ganye a gefe. Na haɗa hannu na gaishe shi. Ya ajiye saƙarsa ya amsa da ladabi sosai, ya jawo mini ɗan kujera, ya kaɗe ta da hannu.

"Zauna, 'yar nan. Daga nesa?"

"Daga nan kusa, Kawu."

Ya dubi takalmana, ya dubi rigar, ya dubi tambarin da ke kafaɗata.

"Wannan kaya fa? Soja ce ke?"

"A'a, Kawu. Bama-bamai muke sharewa a gonaki."

"Tabɗi!" Ya riƙe haɓa. "Ke mace? Iyayenki sun sani?"

"Sun sani."

"To ki yi hankali, kin ji? Ki riƙa tsayawa nesa." Ya girgiza kai, ya ɗauki saƙarsa. "Kuna ƙoƙari. Ina jin su da yamma can bayan dutse, sai in toshe kunne. Ni kam ko nawa za a ba ni ba zan iya wannan aiki ba. Tsoron ƙara nake yi."

Ya juya wajen matarsa ya ce ta ba baƙuwa ruwa. Gwaggo Buasi ta tashi ta ɗebo, ta miƙo mini kofin ba ta dube ni ba, na shanye duka.